Jemage Ɗan Cin Rani: Inda Ake Samunsa da Lokacin Zuwansa

Gabatarwa

Duk manomin da ke ƙasar Gaya da Ajingi ya san ma'anar zuwan shamuwa. Da zarar an ga ta fara ɗaukar ƙirare tana ɗora sheƙa a kan tsamiya ko kuka, an san damina ta ƙarato, sai a shiga sharar gona da gyaran garma. Shamuwa takan yi daminarta a nan, ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta, idan kaka ta yi kuma ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Akwai wata halitta da ke bin damina kamar yadda shamuwa ke yi, sai dai ita da dare take tafiyarta, saboda haka mutane kaɗan ne suke lura da zuwanta da komawarta. Wannan halitta ita ce babban jemage mai cin 'ya'yan itatuwa.

Wannan darasi zai yi bayani a kan abubuwa uku: wuraren da ake samun wannan jemage, da watannin da yake bayyana a kowane wuri, da kuma dalilin da ya sa sanin haka ya shafi mai kuka da mai ɗorawa da mai lambun mangwaro a gari irin Toranke.

Wane Jemage Ake Nufi?

Jemage yana tashi sama, amma a wajen masana ilmin halittu yana cikin dabbobi masu shayarwa ne, watau ajin akuya da ɓera da ɗan'adam. Yana da gashi da haƙora da kunnuwa, yana haihuwa, yana kuma shayar da ɗansa nono. Fiffikensa hannu ne: yatsu huɗu sun yi tsawo ƙwarai, fata marar kauri ta lulluɓe tsakaninsu har zuwa ƙafa, babban yatsa kuma ya tsaya a waje da ƙumbarsa don kama reshe. Akwai ire-iren jemagu fiye da 1,400 a duniya, watau kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukkan dabbobi masu shayarwa, kuma an tabbatar da kimanin iri 100 a Nijeriya.

Ɗalibi a ƙasar Kano ya fi haɗuwa da rukuni uku, kuma wajibi ne ya iya bambance su kafin ya ce ya ga baƙon damina.

1. Ƙananan jemagu masu cin ƙwari. Su ne ke kwana a rufin ajujuwa da kogon itace, su fito da almuru suna shawagi. Suna fitar da wata siririyar ƙara su saurari amsa-kuwwarta, da haka suke gane bango da reshe da ƙwaro a cikin duhu.

2. Jemage mai farar kafaɗa, wanda masana ke kira Epomophorus gambianus. Matsakaici ne, yana da ɗan farin gashi a gindin kunne, namijin kuma yana da wani a kafaɗa. Yakan yini shiru a inuwar mangwaro ko darbejiya cikin ƙaramin rukuni. Namijinsa ne ke yin kukan nan mai maimaituwa da dare kamar ana buga ƙarfe. Wannan ɗan gida ne, ana samunsa rani da damina.

3. Babban jemage, mai suna Eidolon helvum a kimiyyance. Nauyinsa giram 250 zuwa 350 ne, kusan nauyin tantabara, faɗin fikafikansa kuwa idan ya buɗe su yakan kai santimita 75 ko fiye. Fikafikan baƙaƙe ne, dogaye, masu tsini, irin na mai doguwar tafiya. Jikinsa launin busasshen kara ne, wuyansa kuma ya ɗauki ruwan ɗorawa, fuskarsa kamar ta ƙaramin kare. Ba ya ɓuya. Sukan taru dubbai a kan dogayen itatuwa, su rataye cunkus a rassa a fili, suna hayaniya da tsakar rana.

A kan na ukun nan ne darasin ya tsaya. Akwai maganganu biyu da ake yi a kansa waɗanda ya kamata a gyara. Na farko, ana cewa jemage makaho ne. Babban jemage yana da manyan idanu masu gani sosai a duhu, da su da hancinsa yake neman abinci, ba ya ma amfani da amsa-kuwwa. Na biyu, ana cewa ta baki yake kashi. Abin da ke faruwa shi ne yakan tauna ɗan itace, ya matse shi da harshe a dasashi, ya haɗiye ruwan, ya tofar da tuƙar. Tuƙar nan da ake gani a gindin itace ita ta jawo wannan zato. Hanjinsa da mafitarsa suna nan kamar na kowace dabba.

Yankin da Ake Samunsa

Babban jemage yana cikin jemagun da suka fi yaɗuwa a Afirka. Ana samunsa tun daga Senegal a yamma har Habasha a gabas, ya gangara har Afirka ta Kudu, ya kuma tsallaka Bahar Maliya zuwa kudu maso yammacin ƙasar Larabawa. Cibiyarsa ita ce yankin kurmi, inda ruwan sama ke da yawa kuma ba a rasa itacen da ke da 'ya'ya. Littafin D. R. Rosevear a kan jemagun Afirka ta Yamma na 1965, da na D. C. D. Happold a kan dabbobi masu shayarwa na Nijeriya na 1987, suna cikin ayyukan da suka tattara bayanin wuraren da aka same shi a ƙasar nan, daga kurmin kudu zuwa dajin arewa.

Abin lura shi ne da yawa daga manyan matattararsa a tsakiyar birane suke. Akwai sananniyar matattara a itatuwan Asibitin Soja na 37 da ke Akra a Gana, akwai a Kumasi, da Abijan ta Kwaddibuwa, da Kampala ta Yuganda, da harabar Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Irin waɗannan wurare suna da tsofaffin itatuwa dogaye da aka daɗe ba a sare ba. To amma duk wanda ya ƙidaya jemagun waɗannan matattarai wata bayan wata zai ga yawansu ba ya tsayawa wuri ɗaya. A Akra, alal misali, sukan haura 100,000 da rani, amma da damina sai a tarar 'yan dubbai ne suka rage. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce: ina sauran suke tafiya?

Damina Ce Jagora

Amsar tana cikin darasin labarin ƙasa. Iska iri biyu ke mulkin Afirka ta Yamma: mai laima da ke tasowa daga Tekun Atilantika ta kudu maso yamma, da busasshiya da ke zuwa daga Sahara, wadda ke kawo hunturu. Iyakar da suke haɗuwa ba ta zama wuri ɗaya. Daga wajejen Maris takan fara matsowa arewa daga bakin teku, ruwan sama na biye da ita, har ruwa ya sauka a ƙasar Kano a Mayu ko Yuni. A Agusta take kai ƙarshen tafiyarta, sa'an nan ta juya, zuwa Oktoba ruwa ya ɗauke a nan.

Duk inda ruwa ya isa, itatuwa sukan yi toho, waɗansu su yi fure, waɗansu 'ya'yansu su nuna. Saboda haka yalwar abinci ma tafiya take yi daga kudu zuwa arewa, ta sake komawa. Dabbar da ke zama cikin taron dubbai, wadda kuma ke cin abinci mai yawa kowane dare, ba za ta iya jira wuri ɗaya ba. Dole ta bi yalwar. Wannan ya yi kama da al'adar cin rani, inda magidanta ke barin ƙauye bayan an gama girbi su nufi birane da kudu, su komo idan hadari ya fara haɗuwa. Bambancin shi ne ɗan cin rani a arewa iyalinsa suke, jemage kuwa a manyan matattaran kudu yake haihuwa kafin ya kamo hanya.

Haihuwar ma an daidaita ta da damina. Binciken F. A. Mutere a Kampala a 1967, da na Fayenuwo da Halstead a Ile-Ife a 1974, sun nuna cewa bayan barbara ƙwan yakan zauna a mahaifa watanni bai fara girma ba, sai wajejen Oktoba ko Nuwamba cikin yake kankama. Da haka haihuwa ke faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu, daidai lokacin da ruwa ke gab da sauka a kudu. Ɗa guda uwa take haifa a shekara, ta riƙa tashi da shi manne a ƙirjinta har ya yi ƙwari.

Yadda Aka Gano Hanyarsa

Bin sawun dabbar da ke tashi da dare ba ƙaramin aiki ba ne. Hujjojin da ake da su sun taru ne ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce lura da kamawa a wurare dabam-dabam. A 1983 wani masani ɗan Kanada, Donald Thomas, ya buga sakamakon aikinsa a Kwaddibuwa. Ya nuna cewa babbar matattarar Abijan tana watsewa bayan haihuwa, jemagun su riƙa bayyana a daji can arewa yayin da damina ke matsawa, har su kai yankin kogin Kwara, sa'an nan su komo kudu idan ruwa ya ja baya.

Hanya ta biyu ita ce ɗaura wa jemage 'yar na'ura mai aika labarin inda yake ta tauraron ɗan'adam. A gandun dajin Kasanka na ƙasar Zambiya, miliyoyin wannan jemage ne ke taruwa a wani ɗan ƙaramin kurmi daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, watau farkon daminar can. Heidi Richter da Graeme Cumming sun ɗaura wa guda huɗu na'ura, kuma a sakamakon da suka buga a 2008 ɗaya ya yi tafiyar kilomita 2,518 cikin kwana 149, ya shiga ƙasar Kwango. A Akra kuma, masu bincike na Cibiyar Max Planck ta Jamus tare da abokan aikinsu na Gana sun ba da rahoto a 2015 cewa da rani jemage kan yi nisan da ya kai kilomita 88 daga makwancinsa don neman abinci, ya komo kafin gari ya waye. Wannan ya fi nisan Kano zuwa Gaya.

Hanya ta uku ita ce ƙidaya ta wata-wata a garuruwa da dama na Afirka, wadda masu sa kai da ɗalibai ke taimakawa a kai. Nazarin da aka buga a 2022 a kan wannan ƙidaya ya nuna cewa a wuraren da rani da damina suka bambanta sosai, cikar matattara tana zuwa ne tare da lokacin da ƙasa ke yin kore. Misalin da ya fi kusa da ƙasar Kano shi ne Wagadugu, babban birnin Barkina Faso, inda jemagun ke cika itatuwa da damina, daidai lokacin da na Akra suka ragu. Wagadugu da Kano kusan a layi ɗaya suke, wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma yanayinsu da itatuwansu iri ɗaya ne.

Kalandar Ƙasar Gaya da Ajingi

Toranke da sauran garuruwan Ajingi da Gaya suna cikin wannan shiyya ta dajin Sudan, mai gajeriyar damina da dogon rani, inda manoma ke barin itatuwa masu amfani jefi-jefi a cikin gonaki. Idan aka ɗora tafiyar jemage a kan lokutan shekara na Bahaushe, ga yadda abin yake:

Hunturu, Disamba zuwa Fabrairu. Babban jemage yana can kudu cikin manyan matattarai, mata suna da ciki. A Akra an ga ruwan furen rimi yana cikin babban abincinsa a wannan lokaci. A nan arewa rimi kan yi fure, ɗorawa ma ta fara fitar da jan tuntunta, jemage mai farar kafaɗa yana cikin masu ziyartarsu.

Bazara, Maris zuwa Mayu. Haihuwa a kudu, sa'an nan matattarai su fara watsewa. A nan mangwaro ya nuna.

Damina, Yuni zuwa Satumba. Waɗannan su ne watannin da ya kamata a sa ido a kan dogayen itatuwan gari da na bakin fadama. Kuka tana fure a farkon damina, kaɗanya da darbejiya suna da nunannun 'ya'ya, ga kuma dangin ɓaure irin su cediya da durumi da gamji.

Kaka, Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, baƙi su juya kudu.

Amfaninsa da Ɓarnarsa

Mai lambu yana da hujjar ƙorafi. Jemage yana cin nunannen mangwaro da gwaba da gwanda, taronsa yana karya rassa, ga hayaniya da wari a inda ya sauka. Ana rage asarar lambu ta hanyar tsinke 'ya'yan itace da zarar sun ƙosa, kafin su yi laushi a kan reshe, domin ƙanshin nuna ne ke kiransa.

Amfaninsa kuwa iri biyu ne. Na farko barbarar fure. Furen kuka fari ne babba, yana rataye a dogon sili, yana buɗewa da almuru, yana da wari mai ƙarfi, kuma dare ɗaya yake yi ya fara yaushi. Duk waɗannan siffofi na furen da jemage ke yi wa hidima ne. Yayin da yake lasar ruwan zaƙin, garin furen yakan manne a gashin fuskarsa da ƙirjinsa, ya kai shi wata kukar. Haka abin yake ga ɗorawa da rimi. Ke nan ƙwallon kuka da kalwar da ake yin daddawa da ita suna da alaƙa da aikin da jemagu ke yi da dare.

Na biyu yaɗa iri. Manyan ƙwallaye irin na kaɗanya da darbejiya yakan ɗauke su zuwa wani itace ya ci naman ya yar. Ƙananan iri kamar na ɓaure kuwa haɗiye su yake yi, su fita cikin kashinsa yana tafe a sama. Bincike a Gana a 2016 ya nuna zai iya kai irin nisan kilomita 75, wani kuma na 2019 ya ƙiyasta cewa matattara mai jemagu kimanin 150,000 tana watsa ƙananan iri fiye da 300,000 a dare ɗaya. A kurmin kudu yana cikin manyan masu yaɗa irin loko, itacen katako mai daraja. A ƙasar da itatuwa ke ƙarewa saboda itacen girki da gawayi, mai shuka irin wannan ba abin rainawa ba ne.

Kiyaye Lafiya

Kamar sauran namun daji, jemage yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. A 1956 aka fara gano wata ƙwayar cuta 'yar'uwar ta haukan kare a jikin wannan jemage a tsibirin Legas. Masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da suka gwada jemagun da aka kama a arewacin Nijeriya tsakanin Mayu da Oktoba na 2006, sun sami alamar haɗuwa da ita a jinin kusan kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda aka gwada jininsu. Saboda haka ƙa'idojin su ne: kada a taɓa jemage da hannu, mai rai ko matacce, kada a ci ɗan itacen da aka ga shaidar haƙori a jikinsa, a wanke wanda aka tsinta a ƙasa, wanda jemage ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, ya tafi asibiti nan da nan. Mai harbi da mai fiɗa su suka fi kowa shiga haɗari. Wanda ya tsaya nesa yana kallo ba abin da zai same shi.

Barazanar da Yake Fuskanta

Ganin dubbansu a kan itace yakan sa a ɗauka ba za su taɓa ƙarewa ba. Amma dabbar da ke haihuwar ɗa guda a shekara ba ta saurin mayar da abin da ta rasa. Wani bincike na 2011 ya ƙiyasta cewa ana sayar da aƙalla 128,000 a kowace shekara a kudancin Gana domin nama. Tun 2008 Ƙungiyar Kiyaye Halittu ta Duniya ta sa shi cikin jerin dabbobin da ke gab da shiga haɗari. Bayan farauta akwai sare itatuwa. Matafiyi yana bukatar zango, zangon jemage kuwa dogon itace ne na kwana da itatuwan abinci a kewaye. Idan aka sare tsofaffin itatuwan wani gari, an rushe zango guda a hanyar da ta ratsa ƙasashe, kuma kukokin wannan gari sun rasa ɗaya daga cikin masu yi musu barbara.

Aikin Ɗalibai

Ƙidayar wata-wata ba ta bukatar kayan aiki masu tsada. Kulob ɗin kimiyya na kowace makarantar sakandare zai iya yin ta da littafin rubutu da fensir, ƙarƙashin kulawar malami.

1. A tambayi dattawa da masu lambu itatuwan da jemagu suka saba sauka, a zana taswirarsu.
2. A zaɓi rana guda a kowane wata, a ziyarci itatuwan da safe, a tsaya nesa ba jifa ba ihu.
3. A ƙidaya jemagun reshe guda, a ninka da yawan rassan da ke ɗauke da su, a tara jimillar dukkan itatuwan.
4. A rubuta irin jemagen, da irin itacen, da itatuwan da ke fure ko 'ya'ya a watan, da ranar da aka yi ruwan fari da ta zuwan shamuwa.
5. Watan da ba a ga ko ɗaya ba a rubuta sifiri, domin shi ma sakamako ne.
6. Bayan wata 12 a zana jadawali, a aika kwafi ga sashen ilmin halittu na jami'a mafi kusa, kamar ta Wudil ko ta Dutse ko Jami'ar Bayero.

Kammalawa

An ga cewa babban jemage yana da wuri yana kuma da lokaci: kurmi da biranen kudu da rani, dajin arewa da damina, ruwan sama da nunar 'ya'yan itace ne ke tsara masa tafiya. An kuma ga cewa kuka da ɗorawa da ɓaure suna cin moriyar jemagu kamar yadda jemagu ke cin moriyarsu. Al'ada ta hana a taɓa sheƙar shamuwa, shi ya sa take komowa gari ɗaya shekara da shekaru. Abin da babban jemage ke bukata bai wuce haka ba: a bar masa itacen da yake sauka, a kuma bar shi ya wuce idan lokacinsa ya yi.

Tambayoyi

1. Kawo siffofi uku da ke nuna jemage dabba ce mai shayarwa.
2. Ta yaya za a bambance babban jemage da mai farar kafaɗa?
3. Ile-Ife tana wajen digiri 7.5 arewa, Kano kuma digiri 12. Idan kowane digiri kimanin kilomita 111 ne, nawa ne tazarar kudu zuwa arewa a tsakaninsu?
4. Jemagen Kasanka ya yi kilomita 2,518 cikin kwana 149. Nawa ke nan a kowace rana bisa matsakaicin lissafi?
5. Me ya sa haihuwar ɗa guda a shekara ke sa farauta ta fi yi wa jemage illa fiye da yadda take yi wa ɓera?